Bin Jagora a Cikin Duhu

Katsina gari ne na fili. Wanda aka haifa a cikin ganuwa, ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura, idonsa ya saba da sarari, in kuwa ya so hangen nesa sai ya nufi hasumiyar Gobarau ya dubi birni daga bisa. Abin da ya sani na cikin ƙasa bai wuce rijiya da kududdufi ba, sai kuma kabari, wanda ba a komowa daga cikinsa a ba da labari. Saboda haka in an ce wa Bakatsine akwai wurin da mutum zai yi tafiyar yini guda a ƙarƙashin ƙasa, bai ga rana ba, bai kuma kai ƙarshen hanya ba, ba laifinsa ba ne in ya ɗauki maganar a kan tatsuniya.

Amma akwai irin waɗannan wurare, har a nan Nijeriya. A gandun dajin Yankari na ƙasar Bauchi akwai ƙananan koguna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse suka zauna ciki. A Ogbunike ta jihar Anambara ana sauka matakala 317 kafin a isa bakin kogo, a tuɓe takalmi a shiga. Mafi tsawon abin da aka sani a duniya kuwa shi ne Kogon Mamot da ke jihar Kentaki ta Amurka, wanda hanyoyinsa da aka auna sun haura mil 420, watau fiye da kilomita 670, nisan da ya ninka tafiyar Katsina zuwa Kano kusan sau huɗu, kuma har yanzu masu awo ba su kai iyakarsa ba. Ba hannun mutum ya haƙa shi ba. Dutsen wurin irin wanda ake yin siminti da shi ne, kamar na Kalambaina kusa da Sakkwato, ruwan sama kuwa yana ɗauke da ɗan tsami wanda harshe ba ya ji, shi ne ya yi ta tsiyaya cikin tsagogin dutsen yana cinsa sannu a hankali, zamani bayan zamani, har tsaga ta zama rami, rami ya zama soro wanda ya fi babban masallaci faɗi. Iskar ciki ba ta san rani ba, ba ta san damina ba, sanyinta ɗaya ne kullum. A cikin ruwan da ke gudu can ƙasa akwai kifaye farare marasa ido, domin ba abin da za su gani da shi.

Gwamnatin Amurka ta mai da wurin gandunta a cikin 1941, kuma ba a barin baƙo ya kutsa lungunansa yadda ya ga dama. Ana tara masu ziyara ƙungiya ƙungiya, a sa ma'aikaci ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Akwai wata al'ada da jagororin suka daɗe suna yi. In an yi nisa, an kai wani babban ɗaki, sai na gaba ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya yi shiru, sa'an nan ya kashe fitilu duka. Duhun da kan sauko a wannan lokaci ba irin na daren da babu wata ba ne, gama dare komai duhunsa akwai tauraro, ko hasken wuta daga wani gida. A nan mutum zai ɗora tafinsa a kan hancinsa bai gan shi ba, ya buɗe ido ya rufe duk ɗaya ne, in ya ɗan juya kuma ba zai ƙara sanin ta inda ya shigo ba. Bayan ɗan lokaci sai jagora ya ƙyasta ashana ɗaya, sai ga bango, ga rufi, ga fuskokin mutane sun komo.

A cikin wannan ɗan tsakani attajiri da talaka, likita da ɗan makaranta, duk sun zama abu guda, ba wanda ya san hanyar fita sai mutum ɗaya, kuma ransu yana hannunsa bayan ikon Allah. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. To, in haka ne, kowane ɗan Adam yana cikin irin wannan kogo a mafi yawan al'amuransa, domin abin da ya sani kaɗan ne, abin da yake bin wani a kansa shi ne mai yawa. Tambayar da ke nan tsohuwa ce, malaman usulu sun yi ta a babin taƙalidi: yaushe bin wani ba tare da ganin hujjarsa ba yake zama hankali, yaushe kuma yake zama halaka?

A majalisun Katsina akan ji amsa iri biyu, kowace da zafinta. Waɗansu suna cewa malam ya faɗa an gama, almajiri ba shi da ta cewa, tambayar dalili ma rashin ladabi ne. Waɗansu kuma, galibi samari masu waya a hannu, suna cewa zamanin bin malam ya wuce, ga Alƙur'ani ga Hadisi an fassara, kowa ya karanta ya gane da kansa. Kogo yana da abin da zai gaya wa kowane ɓangare, amma na biyun ya fi sauƙin amsawa.

A cikin watan Janairu na 1925 wani mutum mai suna Floyd Collins, wanda ya ƙware da shiga koguna tun yana yaro, ya kutsa wani rami kusa da Mamot shi kaɗai da fitila ɗaya. Yana kan hanyar fita fitilar ta mutu, dutse ya faɗo ya danne masa ƙafa. Aka yi mako biyu ana haƙa, jaridun Amurka duka suna bin labarin, da aka isa gare shi an tarar ya riga ya cika. Wannan gwani ke nan, ina kuma ga baƙon da ya sauko daga mota da safe ya ce zai nemi hanya da kansa don yana da tocila? Littafi fitila ne, babu shakka, amma fitila taku goma take haskawa, ba ta gaya wa mai ita cewa hanyar dama tana ƙarewa a rami ba. Yaron da ya karanta hadisi ɗaya a waya, bai san akwai wani da ya ƙayyade shi ko ya shafe hukuncinsa ba, bai san Larabcin da aka faɗe shi da shi ba, sa'an nan ya tashi yana kafirta mahaifinsa, shi ne wannan baƙo. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi umurni a Suratun Nahli da Suratul Anbiya'i da a tambayi ma'abota sani in ba a sani ba. Mai Ahalari ma, littafin da kusan kowane almajirin ƙasar Hausa ke farawa da shi a fiƙihu, tun a shafukansa na farko ya kafa cewa baligi ba ya aikata abu sai ya san hukuncin Allah a kansa, hanyar sanin kuwa ita ce tambayar malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya sha fama da waɗansu ɗalibai na zamaninsa masu cewa talakan da bai iya kawo hujjojin ilmin tauhidi ba imaninsa bai inganta ba, ya yi rubuce-rubuce yana kare talakawa daga gare su. Ba a ɗora wa manomi da maɗinki su zama mujtahidai ba. Bi dai dole ne, makaho ma mai furfura yana riƙe da sandar da ɗan yaro ke ja, ba wanda ya ce ya wulakanta.

Wahalar tana ga ɓangaren farko, masu cewa a bi kurum. Gama in bi ya zama dole, zaɓen wanda za a bi ya zama shi ne aikin hankali mafi nauyi a kan mutum, kuma mutane sun fi yin kuskure a nan, domin sukan duba abin da bai shafi hanya ba.

Tarihin Mamot kansa ya nuna haka. A cikin 1838 mai kogon na lokacin ya kawo wani bawansa saurayi, baƙar fata, mai suna Stephen Bishop, ya sa shi aikin zagawa da baƙi. A bisa ƙasa Bishop dukiya ne, ana iya sayar da shi kamar doki, kuma an sayar ɗin, gama da kogon ya koma hannun wani likita John Croghan a 1839 har da shi aka haɗa a cinikin. Amma da zarar an sauka ƙasa sai al'amari ya juye. Manyan Turawa masu kuɗi da muƙami su ne ke bin bayansa, in ya ce a sunkuya a sunkuya, in ya ce a tsaya a tsaya, wanda ya yi masa girman kai kansa ya yi wa. Akwai wani rami mai zurfin fiye da ƙafa 100 da ya tare hanya, kowa yana zuwa bakinsa ya koma, shi ne ya fara gicciya abin takawa ya haye da fitila, ya buɗe abin da ke bayansa, har ya kai ga ruwan da kifaye marasa ido suke. Wanda ya tsaya duban asali da launi da tufafi ba zai bi wannan bawa ba. Wanda ya tambaya wa ya san hanya, ba shi da wani sai shi.

Ga kuma ubangidansa. Croghan likita ne mai takardar shaida, mai dukiya, kuma ba mugu ba ne. Ya lura abubuwa ba sa saurin ruɓewa a cikin kogon, iskarsa kuma ba ta canjawa, sai ya yanke cewa lalle wannan iska za ta warkar da tarin fuka. A cikin 1842 ya sa aka gina ɗakuna na dutse da na katako a can ciki, ya shigar da marasa lafiya suka zauna watanni ba rana, cikin sanyi da hayaƙin fitilu da na girki. Ciwo ya ƙaru, waɗansu suka mutu a ciki, aka watse, shi kansa tarin fukan ne ya kashe shi a 1849. Ɗakunan dutsen suna nan har yau ana nuna wa masu ziyara. Mutanen nan sun bi mai ilmi, amma ilminsa bai kai inda ya kai su ba, zato ne ya sa masa rigar yaƙini. Kyakkyawar niyyarsa ba ta fitar da kowa daga kogon ba. Wannan abu ne da ya kamata mai wa'azi ya ji tsoronsa fiye da yadda yake tsoron a ce bai iya ba.

Musulmi ba ya bukatar zuwa Amurka kafin ya sami wannan darasi, yana nan cikin labarin Hijira, a hadisin da Imamu Buhari ya fitar daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita. A cikin shekara ta 622, sa'ad da Ƙuraishawa suka ƙulla kashe Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da Sayyidina Abubakar suka fake kwana uku a kogon Sauru, kudu da Makka, alhali Madina tana arewa. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labarin gari da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana biyowa da tumaki su sha nono. Amma tun kafin su shiga kogon sun riga sun yi ijara da wanda zai fitar da su ya kai su, wani mutum daga Banu Dili, wanda malaman sira suka ce sunansa Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Abin mamaki, mutumin nan a lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa. Duk da haka suka danƙa masa raƙumansu biyu, suka gaya masa inda za su ɓuya da ranar da zai zo, ga shi kuwa an sa ladan raƙuma ɗari a kan kowane ɗayansu. Ya zo a kan alkawari, ya bi da su ta hanyar gaɓar teku wadda ayari ba su saba bi ba.

Me aka duba a gare shi? Abu biyu ne hadisin ya ambata, ƙwarewa a sanin hanya, da kuma cewa sun amince masa. Ba a ɗauki addini daga gare shi ba, ba a kuwa tambaye shi hukunci ba, an bi shi a kan abin da ya sani, iyakar inda ya sani. Annabin da wahayi ke sauko masa bai ce tun da shi Manzo ne ba ya bukatar mai sanin rairayi da rijiyoyi ba. Malaman fiƙihu sun ciro daga nan halascin ɗaukar wanda ba Musulmi ba aiki in an amince da shi, kamar likita ko matuƙi. Akwai kuma abin da ke bayan wannan, watau kowane jagora yana da kogonsa. Malamin nahawu ba lalle ne ya san rabon gado ba, mai daɗin murya a tafsiri ba lalle ne ya san magani ba, wanda ya san magani kuma ba shi ke ba da fatawa ba.

A lura kuma da lokacin da aka yi wannan bincike: kafin shiga. Wanda ya kai tsakiyar kogo sa'an nan ya fara shakkar jagoransa ya makara, ba ya iya ci gaba da natsuwa, ba ya iya komawa shi kaɗai. Wurin tambaya shi ne bakin kogo, da hasken rana. Fataken dā masu zuwa Gwanja sayen goro sun san haka. Ba a bin madugu don girman rawaninsa, ana tambaya ne sau nawa ya je ya komo, wa ya bi shi bara, dukiyar wa ta salwanta a hannunsa, jagaban da zai sa a gaba ya san mashigai da mahayai ko kuwa. Ibn Baɗɗuɗa, da ya ratsa Sahara zuwa Mali a 1352, ya ba da labarin jagoransu wanda ido ɗaya ya mutu, ɗayan kuma da ciwo, amma ba wanda ya kai shi sanin hanya. Da surarsa aka duba da ba a ɗauke shi ba. Yau kuwa mutum zai yi kwana uku yana binciken wanda zai saya wa akuya, amma ya miƙa lahirarsa ga wata murya da ya ji a Facebook jiya da dare, bai san wa ya karantar da mai ita ba.

Sakamakon wannan sakaci ba a ɓoye yake ba. A cikin Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance, wadda ba ta da nisa da Daura. Sun biya kuɗi a kai su, motoci suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. A Kano kuma, cikin Disamba na 1980, fiye da mutum 4,000 suka hallaka a tarzomar Maitatsine, da yawansu almajirai ne da gardawa waɗanda suka baro ƙauyukansu neman karatun Alƙur'ani, suka faɗa hannun wanda ya rufe musu kowace ƙofa sai tasa. Alƙur'ani ya ba da labarin yadda mabiya da waɗanda aka bi za su yi ta tsine wa juna ranar Alƙiyama, a Suratul Baƙara da Suratul Ahzabi, kuma ba a karɓi uzurin mabiyan ba cewa manyansu suka bi. Da ba a ba su hankalin zaɓe ba da ba a kama su ba.

To, talakan da bai yi karatu ba, da me zai auna malami, tun da ba ya iya auna hujjarsa? Wannan ita ce tambayar da Askiya Muhammadu na Songhai ya yi wa Shehu Magili, malamin nan da ya zauna Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, sai ya rarrabe masa tsakanin ma'abota ambato da malaman mugunta, ya nuna masa cewa aikinsu da abin da suke yi da dukiyar mutane shi ke fallasa su. Baƙon kogo ma bai san dutse ba, amma yana da ido. Yana iya ganin ko waɗanda suka shiga da wannan jagora jiya sun fito. Yana iya ganin ko sauran masu sanin kogon sun yarda da shi, ko kuwa shi kaɗai ne ke cewa duk sauran ɓatattu ne. Akwai kuma wata alama da ta fi waɗannan, ita ce jagoran gaskiya yana da wurin da yake tsayawa. Yakan kai bakin wani lungu ya haska fitila ya ce daga nan ba a auna ba, ba zai shiga da mutane ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, ga shi kuwa malamin Madina ne wanda ake yi wa tafiyar watanni. Malamin da aka yi shekara goma ana zama gabansa ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, ko ya ce a je wurin wane ya fi shi sanin wannan babi, lalle akwai lungun da ya shiga da mutane bisa zato, kamar likitan nan na Kentaki.

Masu cewa a bi kurum suna da hujjar da suke ji da ita, tana kuwa cikin Suratul Kahfi, surar kogo, wadda ake karantawa kowace Juma'a. Sukan ce ga Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an sharɗanta masa kada ya tambayi Halliru komai, ya ga an huda jirgi, an kashe yaro, an gyara bango ba lada, kuma duk lokacin da ya yi magana shi ne aka nuna bai yi haƙuri ba. Hujjar tana da ƙarfi a fuska, kuma akwai gaskiya a cikinta, gama almajiri ba zai gane hikimar kowane umurni nan take ba, wanda kuma ke tsayar da jagora a kowane taku sai an yi masa bayani ba za a fita da shi kogo ba sai dare. Sai dai a duba abin da ƙissar ta ƙunsa. Allah ne da kansa ya shaidi Halliru, ya aiki Annabi Musa gare shi. Halliru ya bayyana cewa bai aikata kome da ra'ayinsa ba, kuma bai rabu da abokin tafiyarsa ba sai da ya warware masa dalilin kowane abu ɗaya ɗaya. Bayan cikamakin Annabawa babu wanda ke da irin wannan shaida, babu kuma wanda aka ba izinin ya saɓa wa Shari'a a fili ya ce akwai sirri a ciki. Haƙurin almajiri yana kan abin da bai gane ba. Abin da kowane Musulmi ya san haramun ne, kamar zubar da jini da cin dukiyar mutane da keta mutuncin mata, in jagora ya yi umurni da shi, ba sai an yi karatu ba kafin a san an bar hanya.

Alhazan Katsina suna gamuwa da ƙaramin misalin wannan kowace shekara. Da yawa sukan yi sammako su hau Dutsen Nur don ganin kogon Hira, inda wahayi ya fara sauka, ɗan wuri ne da ba ya ɗaukar mutum biyar a sake. Ganinsa yana motsa zuciya, ba mai musun wannan. Amma hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, kuma akan sami masu rakiya da ke gaya wa tsofaffi cewa akwai wata salla ta musamman a wurin, ko a shafi dutse, ko a rubuta suna a jikinsa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta yi awa biyu tana hawa, ta sauko ta kasa ɗawafi. Mai rakiyar ya gaya mata abin da take so ta ji, domin shi ke kawo kyauta. Wanda zai ce mata Hajiya ki zauna a Harami ya fi miki lada, ba ya samun godiya a ranar.

Akwai wani abu da Bishop ya yi wanda ya fi hayen ramin nan. A cikin 1842 ya zauna ya zana taswirar kogon daga abin da ke kansa, aka buga ta a 1845 da sunansa a jiki, abin da ba a saba yi wa bawa ba. Da ya so da ya riƙe saninsa a ciki, domin shi ne kaɗai abin da ya mallaka a duniya, shi ne kuma ya sa ba a iya yi sai da shi. Ya koya wa waɗansu bayi 'yan'uwansa hanyoyin, suka ci gaba da aikin bayansa. An 'yanta shi a 1856, ya mutu a 1857, kabarinsa yana kan tudun da ke bisa kogon. A cikin 1972, shekara 130 bayan zanen, masu bincike suka ɓullo cikin Mamot ta wata hanya daga kogunan wani tudu na kusa, daga baya aka duba tsohuwar taswirarsa aka ga ya riga ya sa alamar bakin wannan hanya. Haka malaman da suka gina Katsina suka yi, irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, sun bar rubutu, sun bar almajirai da suka zama malamai. Mai son a dogara da shi har abada yakan ɓoye littafi, ya hana almajiransa zama gaban wani, ya so fitila ta zama a hannunsa shi kaɗai. A zamanin Bishop kuwa akan raba wa baƙi fitilun mai su riƙe da kansu, ko da yake shi ne a gaba.

Nauyin da ke kan na gaba ya fi na mabiyi nesa ba kusa ba. Ma'aikatan kogo suna ƙirga mutanensu kafin shiga, su sake ƙirgawa a bakin fita, na baya kuma ba ya wuce kowa, komai nawar tafiyarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya kuma yi gargaɗi cewa ana ɗauke ilmi ne ta mutuwar malamai, har mutane su naɗa jahilai a gaba, a tambaye su su amsa ba da sani ba, su ɓata su ɓatar. Mai hawa mumbari a Katsina ko wani gari, da mai makarantar allo da aka kawo wa yara talatin daga ƙauye, da mai kamfanin da ya karɓi kuɗin Umra, da uba a cikin gidansa, kowannensu ya shiga da mutane wurin da ba su san hanyar fita ba, kuma akwai ƙirga a bakin ƙofa.

Shi kuwa ɗan Uraiƙiɗ, ya kai amanarsa har Ƙuba, a gefen Madina, cikin watan Rabi'ul Awwal. Labarinsa bai ƙare nan ba. Malaman sira sun kawo cewa bayan an natsu a Madina, Manzon Allah ya aiki Zaidu ɗan Harisa da Abu Rafi'i Makka su taho da iyalinsa, Sayyidina Abubakar kuma ya haɗa su da wannan jagora ɗin dai, da raƙuma, da takarda zuwa ga ɗansa Abdullahi cewa ya ɗauko Ummu Rumana da A'isha da Asma'u ya taho da su.